Akwatin da Na Rufe da Bargo

Da sunan Allah nake buɗe baki. Sunana Dije, a Yakasai kuwa Hajiya Dije ungozoma ake ce mini. Ban yi boko ba. Ni nake faɗa, 'yata Rabi take rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya, har wuraren da na taɓa mijinta.

Zango na farko: Moss Side

Na sauka Manchester Rabi tana da kwana biyar da haihuwa, a tsakiyar sanyinsu. Ita ce autata, haihuwar fari ce kuma. Gida ya kamata ta zo wanka. Da karatun mijinta da takardu suka hana, sai aka ce to gida ya je mata. Ni ce gidan.

Na fi shekara talatin ina yi wa mata wankan jego. Hannuna ya san ruwa. Macen da na yi wa arba'in ba ta dawowa da kumburin ƙafa tana cewa sanyi ya shige ta. Don haka na zo da shirina: tukunyar dalma babba, gero, kanwa, yajin jego da na daka da kaina, da wani bargo mai nauyi mai hoton damisa da na saya a Makka na ajiye wa wannan rana. Mijinta, Malam Nafi'u, wanda yake digiri na uku a jami'a, har ɗanyen darbejiya ya samo mini a shagon Indiyawa. Nan dai na yaba masa.

Gidan nasu a unguwar Moss Side yake, irin na jan bulon nan ne da aka jera a manne, in maƙwabci ya yi atishawa sai ka kusa yi masa addu'a. Banɗaki a sama, matakala siririya a tsaye kamar tsani. Da safiyar farko na murɗa famfo, na tara hannu ina jira ruwan ya cije ni. Bai cije ni ba. Ruwan alwala ne. Kafin baho ya kai rabi ma ya huce.

Na ce, “Rabi, ina ruwan zafin?”

“Shi ne wannan, Inna.”

“Wannan? Da wannan ko kaza ba ta figuwa.”

Ta ce, “Masu gidan ne suka cire boiler, tukunyar gas ɗin da ke dafa ruwa da ɗumama gida, ina da cikin wata takwas, suka sa wani inji wai shi heat pump. Duk layin nan aka bi, sati biyu suka gama. Wai hayaƙin gas yana ƙara ɗumamar duniya.”

Na ce, “Duniyar ta ɗumama, ban da gidan nan?”

Na sauka kicin na ɗora tukunyata. Murhun nasu wani baƙin gilashi ne, ba harshen wuta ko na ashana. Ya yi ƙiƙ-ƙiƙ ya ƙi. Wai ba ya jituwa da dalma. Tukunyar da na rungumo tun daga Kano ta koma wurin ajiye albasa.

Sai buta. Butar lantarki ta shayi, ita ta zama tukunyar jegon 'yata. In tafasa, in hau, in juye, in sauko. Sahu goma sha biyu da safe, goma sha biyu da yamma, da waɗannan gwiwoyin da suka haura sittin da biyar. Kafin na ƙarshe ya iso, na farko ya mutu. In tsoma ganye in fyaɗa mata, tana zaune tana kallona kamar wadda ake yi wa fifita. A aikina, in mai jego ba ta yi ƙara ta kira uwarta ba, ruwan bai yi ba. Rabi kuwa cewa take, “Ya yi daidai, Inna, sannu.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ɗakunan ma haka. Ƙarafunan bangon da aka ce su suke ɗumama gida, in ka dafa, ɗumin ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Ranar suna aka mayar mini da sunana, jaririyar ta ci Khadija. Takwarata. Da baƙi suka watse na tare Malam. Yaro ne mai ladabi, ba zan ɗauki alhakinsa ba, har ƙasa yake tsugunawa ya gaishe ni. Na ce ya faɗa mini yadda heat pump ɗin nan yake aiki.

Ya ce, “Hajiya, kada dai a taɓa, kada a kashe.”

“Saboda me?”

“Ai bayanin yana da tsawo.”

Bayan kwana huɗu na sake tambaya. Bayanin dai yana nan da tsawonsa. Ni da nake wuni a gidan, ni da nake hawa da sauka da buta, ni ce ba a da lokacin yi wa bayani. Ya fita tun safe ya shige jami'a inda ake ɗumama musu har matakala, ya bar mu da abin da ya ce kada a taɓa.

Rana ta goma sha tara na fita ɗan tsakar gidan baya, wanda bai fi tabarma biyu ba, zan shanya kayan takwara. Nan na gan shi da kyau. Farin akwati ya kai ƙuguna, da fanka a gabansa tana juyawa. Na gitta ta gabansa, iskar da ta bugi ƙwaurina sai da na ji ta a haƙori. Ta fi iskar garin sanyi nesa ba kusa ba. A ƙarƙashinsa ruwa ya ɗiga ya daskare. Na ɗaga kai, sai ga tagar ɗakin Rabi daidai samansa.

Na ce to, yau na ga inda ake ƙera sanyin.

Na cim ma Malam a bakin ƙofa yana ɗaura takalmi. Na ce, “Malam, akwatin nan sanyi yake hurawa, a ƙarƙashin tagar mai jego.”

Ya ce, “Haka yake aiki, Hajiya,” ya ruga don kada bas ta wuce shi.

Sau uku ke nan. Ku riƙe lissafin, zan dawo kansa.

Duk uwar da ta ga ƙofa tana shigo wa jaririya da iska, toshewa take yi. Na ɗauko bargon Makka, na lulluɓe akwatin gaba da baya, na kwance igiyar shanya na ɗaure shi tamau, ƙulli uku. Ya yi gurnani a ciki, na ce yi ta yi. Na shiga na dama kunu raina fes.

Wajen la'asar muka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga baya, sai tsit. Wata 'yar jar wuta ta kama a jikin ɗan allon sarrafa akwatin da ke bangon falo. Na dafa ƙarfen bango. Ɗumin ƙwan ma ya tafi.

Rabi tana barci. Na lallaɓa na fita. Bargon ya sandare kamar ƙirgi, akwatin kuwa ƙanƙara ta cika shi har baki, reshen fanka ɗaya ya karye. Ina cikin kiciniyar kwance ƙulli na ɗaga ido, sai muka haɗa ido da maƙwabciyarmu ta kan katanga. Tsohuwa ce 'yar Jamaika, Mis Joyce, wadda iyakarmu da ita ɗaga hannu. Ta dubi bargon, ta dube ni, ta koma ciki. Na naɗe shi na tura ƙasan akwatin kayana.

Da Malam ya dawo ya ce ko wani ya taɓa wani abu, na ce ni da aka ce kada in taɓa?

Kwana uku muka yi a haka. Malam ya kira masu gida, suka ce ya kira kamfanin da ya sa. Kamfanin ya sa masa kiɗa a kunne har wayarsa ta mutu. Da aka ɗauka, aka ce ma'aikatansu duk suna wata unguwa suna sa sababbi, sai nan da sati uku. Sawa suna da hannu, gyara ne ba su da shi. Numfashinmu muna ganinsa a falo. Mis Joyce ta ƙwanƙwasa ƙofa da 'yar hitar lantarki a hammata da miyar kaza a roba. Ta miƙa wa Rabi hitar, ni kuma ta matse mini hannu, ba ta tona ni ba. Har yau ina yi wa matar nan addu'ar da ta dace da ita.

Muka tattaru a ɗaki ɗaya. A rana ta uku hancin takwara ya toshe, ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, tana kuka ba murya. Malamar asibitin da ke zagayen masu jego ta zo, ta fito da ma'auni ta auna ɗakin, ta girgiza kai, ta yi rubutu mai yawa. Rabi ta fassara mini: yarinya ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba.

Na san wanda ya yi. Na yi shiru.

Zango na biyu: hanya

Malam ya kira ƙanwar mahaifinsa da ke Birmingham, Gwaggo Maimuna. Ta ce a kawo mata su yau-yau. Muka hau doguwar bas. Na sa takwara a ƙirjina cikin hijabi, ina jin numfashinta yana kurɓ-kurɓ. Ruwa ake yi, irin nasu marar zuciya, ba ya sauka ba ya ɗaukewa. Ta taga ba abin da na gani sai tumaki da aka shafa wa fenti a gadon baya, suna kiwo a cikin wannan sanyi ko a jikinsu. Na tuna tsakar gidana, da murhun duwatsu uku, da yadda nake tura itace da ƙafa ina hira. A can wuta ba ta da littafi. Ka gan ta, ta gan ka.

Bargon yana cikin jakata, da sauran danshinsa. Tsoro nake kada Malam, da zai koma ya kwana a gidan, ya gan shi.

Zango na uku: Birmingham

Gwaggo Maimuna ta fi shekara talatin a Ingila. Sa'ata ce, sai dai ita tana rina gashi. Gidanta kuwa kamar gidan burodi, tun daga ƙofa zafi ya mare ni. Kafin in cire takalmi ta zare takwara daga ƙirjina.

“Kawo ta nan, 'yar nan ta sha wuya. Sannu Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ai ba laifinki ba ne. Jegon Turai sai wanda ya san Turai.”

Na shiga banɗaki zan yi alwala, na murɗa famfo, na tara hannu. Ya cije ni. Sai da na yarfe yatsu. Ga ruwan da na yi kusan kwana ashirin ina nema, yana zuba ba iyaka, a gidan wata. Na jingina da bango na daɗe ban fito ba.

Washegari na fito da ganyena. Gwaggo ta ce a'a, ganye yana toshe mata bututu. Na fito da kanwa, ta ce likitoci sun hana. Wanka sau ɗaya a rana, a tsaye, da ruwan da ke zubowa daga sama, da wani sabulu mai ƙamshin alewa. Ita take shiga da Rabi. Ni kuwa aka zaunar da ni a falo, aka ajiye mini shayi da biskit, aka kunna mini fim ɗin Hausa, aka ba ni abin canza tasha kamar yadda ake ba yaro abin wasa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa: a ɗumin gidan nan takwara ta warware cikin kwana huɗu. Wannan ban hana Gwaggo ba.

Amma mata suna zuwa barka. Wata ta nuna ni da haɓa ta ce, “Wace ce baƙuwar?”

Gwaggo ta ce, “Mahaifiyar Rabi ce. Ta zo ganin gari.”

Ganin gari! Ni Dije! Na tauna biskit ɗin nan kamar tsakuwa. Rabi ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririya hula. Ba ta iya musa wa dangin miji a gidansu, ni na koya mata hakan da bakina.

A rana ta ashirin da bakwai Gwaggo ta yanke hukunci, a gabana, tana magana da Malam a waya da ƙarfi don in ji. Rabi za ta zauna wurinta har arba'in, har sanyi ya wuce ma. Hajiya kuwa a matso mata da tikiti, sanyin nan ba na tsofaffi ba ne. Malam ya ce to, zai zo ranar Asabar a yi magana.

Wato in koma Kano a tambaye ni yaya arba'in ɗin Rabi, in ce wata ce ta yi.

Ana jibi zai zo, wani dattijo ya ƙwanƙwasa ƙofa, da farin gemu da tef ɗin awo a ƙugu. Ya yi sallama da Hausa, Hausar da ta ɗan karkace irin ta mutanen Gana. Baba Isaka sunansa, ɗan zangon Kumasi. Da gyaran tukunyar gas yake yi, yanzu ya koma sa irin akwatin nan. Ashe tukunyar gas ɗin Gwaggo ta tsufa, 'ya'yanta sun matsa sai an canza mata. Ita ma layi ya zo kanta.

Na zuba masa ido. Ya auna taga, ya auna bango, ya leƙa saman rufi, ya shafa kowane ƙarfen bango yana rubutu. Ya fi awa biyu. Rabi ta ce na gidansu ba wanda ya auna komai, wuni ɗaya suka yi suka tafi. Da Gwaggo ta hau sama salla na bi shi kicin.

Na ce, “Baba Isaka, wata ƙawata ce a Manchester. Nasu akwatin sanyi yake hurawa.”

Ya ce, “Mma, dole ya hura sanyi.”

“To in mutum ya ɗan kare shi fa? Don iska?”

Ya ajiye biro ya dube ni ta saman tabarau. “Da me ƙawar taki ta rufe shi?”

Na ce, “Bargo.”

Bai yi dariya ba. Da ya yi, da labarin nan ya ƙare a nan. Ya ce, “Ba ke ce ta farko ba. Na ga kwali, na ga labule, na ga wanda ya gina masa ɗaki da ƙofa. Zo ki sa hannu a bayan firjin nan.”

Na sa. Da ɗumi.

“Daga ina ɗumin ya fito? Daga cikin firjin. Ya tsamo zafin da ke jikin nama da madara ya zubar a baya, shi ya sa ciki ya yi sanyi. To akwatin can firji ne da aka juya. Yana shaƙar iskar waje, ya tsame ɗan ɗumin da ke cikinta ya tura gida, ya tofar da saura.”

Na tsaya. Na ce, “Wato sheƙa yake yi. Tsaba ciki, ƙaiƙayi waje. Ƙaiƙayin ne ya bugar mini ƙafa.”

Ya buga tafi ɗaya. “Wallahi Mma, shekara uku ina neman yadda zan faɗi wannan!”

“Ni kuma na toshe masa hanci.”

“Kin toshe masa hanci.”

Ya ce ba harshen wuta ba ne, rushi ne. Ba ya ƙuna, amma in an bar shi dare da rana gida ba ya hucewa, shi ya sa ba a kashewa. Dahuwar ganda, na ce. Ya ce ita fa. Duk wannan bai kai tsawon tafasar buta ɗaya ba. Wannan shi ne bayanin da yake da tsawo.

Sannan na faɗa masa maganar ruwan wanka, da sahu goma sha biyu. Ya dafe kai.

“Ba su nuna muku maɓallin tanki ba?”

“Wane maɓalli?”

Ya yage gefen kwalin shayi ya zana mini. A ɗan ɗakin da tankin ruwa yake, akwai maɓalli a bango. In an danna, wani ƙarfe a cikin tankin yana ɗaukar zafi kamar na buta, tanki guda. “Amma ki kiyaye, Mma, yana ƙona fata.”

Na ce, “Shi nake nema.”

Na zauna a kan kujerar kicin. Ɗan ɗakin nan a nan nake rataye tawul. Kullum sai na buɗe shi. Maɓallin yana kallona, ina wucewa da buta.

Baba Isaka ya ce yana da irin fankar, kuma yana zuwa Old Trafford, kusa da gidan su Rabi, wurin ƙanwarsa. Zai iya gyarawa. “Amma ba na taɓa injin mutane sai masu gida sun yarda, kuma ba na yi musu ƙarya. Za su tambayi abin da ya karya shi.”

Ya bar ni da guntun kwali a hannu.

Ranar Asabar Malam ya zo. Muna falo, da Gwaggo, da ƙawayenta biyu da ba sa rasa zuwa in sun ji ƙamshin magana. Ya tsuguna ya fara, “Hajiya, dama mun duba ne, saboda lafiyarki, akwai jirgi ranar...”

Na ce, “Dakata.”

Na hau sama na sauko da bargon. Na warware shi a tsakiyar kafet ɗin Gwaggo, damisa tana kallon kowa, yana warin danshi.

“Ni na kashe akwatin. Da wannan na rufe shi, na ɗaure da igiyar shanya, ƙulli uku. Na ga yana hura sanyi a ƙarƙashin tagar 'yata, na toshe. Ba aljani ba ne, ba kamfani ba ne. Ni ce.”

Gwaggo ta fashe. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, furfurar da rini bai kai ba ta fito. “Bargo! Ta lulluɓe heat pump da bargo kada ya yi mura!” Ɗaya ƙawar na ga yatsanta a kan waya. Na san kafin magariba Yakasai ta ji.

Na bar su suka gama. Sannan na juya.

“Malam, sau nawa na tambaye ka?”

Ya dubi kafet. “Sau uku, Hajiya.”

“To ga ta huɗu, a gaban gwaggonka. Me ya sa yake hura sanyi?”

Ya gyara tsugunno.

“Ban sani ba, Hajiya. Sun ba ni littafi na sa hannu. Yana cikin durowa, ban buɗe ba.”

“Ashe tsawon bayanin ke nan. Da ka ce ba ka sani ba, da mun zama mu biyu, mu nemi na uku. Kai ka ji kunyar cewa ba ka sani ba a gaban tsohuwar da ba ta yi boko ba, ni kuma na ji kunyar cewa na yi ɓarna a gaban suruki. Yarinya 'yar kwana ashirin ta shanye mana kunyar.”

Na zaci na gama. Sai Rabi ta yi magana, a hankali, ba ta ko ɗago ba.

“Inna, kwana uku. Kina kallon ta ta kasa kama nono. Da kin faɗa, da tun ranar an san abin da za a nema.”

Duk dariyar Gwaggo ba ta kai wannan ba. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a unguwa ba, 'yata ta rufe mini shi. Na ce, “Haka ne.” Iyakar abin da na samu ke nan.

Gwaggo ta gyara ɗankwali ta ce, “To kun dai gani. Nafi'u, ci gaba da maganar jirgi.”

Rabi ta ɗago. Idonta ya yi ja. “Gwaggo, na gode, Allah ya saka. Kin ɗauke mu lokacin da ba mu da wurin zuwa. Amma in an gyara, gida za mu koma. Inna ce za ta ƙarasa mini.”

“Wadda ta kusa...”

“Ba ganin gari ta zo ba, Gwaggo.”

Zango na ƙarshe: Moss Side kuma

Abin da ya gudana tsakanin Malam da masu gida ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Sun dai yarda. Rana ta talatin da uku muka koma, Baba Isaka ya riga mu. Ya sa fanka, sannan ya bi gidan ɗaki-ɗaki yana tsaki. Ƙarafunan bangon tsofaffi ne, na zamanin gas, sun yi wa akwatin ƙanƙanta. An saita shi yadda ya fito daga kwali, ba wanda ya daidaita shi da gidan. Ya daidaita abin da zai daidaitu, sauran ya rubuta wa masu gida takarda mai zafi. Kafin ya tafi na ja shi gidan Mis Joyce. Ashe ita kullum da safe kashe nata take yi don tattali, ta wuni cikin rigar sanyi biyu. Ita da Turanci ne harshenta, ita ma ba wanda ya tsaya ya faɗa mata.

Ni ba na faɗa da akwatin. Yanzu in na fita shanya har sannu nake yi masa. In hayaƙi yana ɓata duniya, a cire hayaƙi, jikokina ne za su zauna a cikinta. Faɗana da masu gaggawa ne. Ku bi layi ku cire wa mutane wutar da suka sani, ku dasa wadda ba su sani ba, ku miƙa littafi ga wanda ya sa hannu, ku wuce gida na gaba. Wanda ya sa hannu ba shi yake wuni a gidan ba. Ku tambaya wa yake wanka, wa yake wanki, wa yake riƙe da jariri. Ku ba shi tsawon tafasar buta ɗaya. Kwana talatin da uku kuka cinye mini a cikin arba'in, ba kuwa za su dawo ba. A Yakasai yanzu Hajiya Mai Bargo ake ce mini, har yaran da na yanke wa cibiya.

Bakwai suka rage. Da asubar farko na buɗe ɗan ɗakin tawul, na fito da guntun kwalin Baba Isaka na gwada. Ga shi nan. Na yi bismilla na danna da kaina. Na yi salla, na dama kunu, na ba shi lokacinsa.

Da na murɗa famfo, tururi ya rufe madubi. Ban tara hannu ba, daga ƙamshinsa na san ya yi. Na zuba darbejiya, ruwan ya koma kore, warin gida ya cika banɗakin. Rabi ta shigo da ɗaurin ƙirji, ta zauna a kan 'yar kujera tana hamma. Tun ranar Asabar maganarmu ba ta wuce ta abinci ba.

Na tsoma ganye, na girgiza, na fyaɗa mata a gadon baya.

Ta zabura har kujera ta kife. “Wayyo Inna! Inna, zafi! Za ki kashe ni!”

Malam ya rugo ya tsaya a ƙasan matakala yana tambaya lafiya. Takwara ta farka ta tsanyara kuka, da cikakkiyar murya, hanci a buɗe. Ta bayan bango na ji Mis Joyce ta ƙwanƙwasa sau biyu.

Na tayar da kujerar da ƙafa, na dafa kafaɗar 'yata na zaunar da ita.

Na ce, “Zauna. Yanzu muka fara.”